Ranar da Gumin Ɗan Ƙanƙara Ya Ƙafe

A wani birni mai tsananin zafin rana, akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa yake kira Me-ya-sa. Ba shi ne sunanta na gaskiya ba, bakinta ne ya jawo mata shi. Tun da ta iya magana take tambaya. Me ya sa kaza take da fiffike amma ba ta tashi sama? Me ya sa inuwa take gajarcewa da tsakar rana? Malamarsu takan ce duk ranar da Me-ya-sa ba ta zo ba, ajin yakan yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Tambaya ba laifi ba ce. Abin da yake damun mutane da Me-ya-sa shi ne gaggawa. Da ta ji farkon amsa sai ta ce, "Na gane," ta zura da gudu, ta bar sauran amsar a bakin mai ita.

Babanta jagoran masu yawon buɗe ido ne. Yana da wata ƙaramar bas fara da yake zagayawa da baƙi su ga gari. Kullum da sassafe yakan jera gorunan ruwa a cikin kula, ya zuba ƙanƙara, ya ɗauki laima da huluna masu faɗin baki. Kafin rana ta take, ya mayar da baƙinsa masauki. Ba ya sake ɗauko su sai yamma ta yi sanyi.

Da aka yi hutun makaranta, sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga wata ƙasa mai sanyi inda take aiki. Ta zo da ɗanta, wanda a can aka haife shi. Bai kai Me-ya-sa shekaru ba. Hausarsa tana ɗan ɗingishi, amma yana ji sarai. Yana da kyamara rataye a wuya, da wata baƙar riga mai kauri ta 'yan ƙwallo da ba ya son rabuwa da ita. Tun a ranar farko Me-ya-sa ta raɗa masa suna Ɗan Ƙanƙara, shi kuwa ya karɓa da dariya.

Ashe ta gamu da daidai ita. Idan ta tambaye shi ko da gaske ne a ƙasarsu hayaƙi yake fita daga bakin mutum in yana magana, shi kuma sai ya tambaye ta me ya sa ƙadangare yake gyaɗa kai. Haka suka wuni, har Mama ta ce da can kunne ɗaya yake mata ciwo, yanzu ya zama biyu.

Gwaggo kuwa hankalinta ba a kwance yake ba. Zuwanta na baya, lokacin yaron yana goye, zafi ya sa shi rashin lafiya. Shi ya sa ta daɗe ba ta dawo ba. Ana zaune ana cin abinci ta dubi Baba ta ce, "Yaya, ni fa na faɗa maka tun yanzu. In zafin nan ya kwantar min da yaro, tattara kayana zan yi mu koma. Ba zan jira ƙarshen hutu ba."

Baba ya yi dariya ya ce ta kwantar da hankalinta. Amma Me-ya-sa ba ta yi dariya ba, maganar ta tsaya mata a rai. Ta daɗe tana ɗokin zuwan ɗan'uwanta. Ba ta son abin da zai sa a tafi da shi.

Washegari da safe ta sami Baba yana loda kula a mota. Ta ce, "Baba, me ya sa baƙinka ba sa fita da rana? Ni ai ana aike na kanti da rana, ba abin da yake samuna."

Baba ya ce, "Ke a nan aka haife ki. Su jikinsu bai saba da zafi ba. Jiki yana sabawa, amma fa..."

"Na gane!" in ji Me-ya-sa. Kafin Baba ya ɗago kai, har ta shige gida. Ya kira ta, ba ta ji ba. Lokacin ɗaukar baƙi ya yi, sai ya girgiza kai ya tayar da mota.

Me-ya-sa ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana lissafi. Idan sabo ne maganin, ai abin mai sauƙi ne. Ita ma da za ta koyi keke, hawa ta yi ta yi har ta iya a wuni ɗaya. To haka za a yi wa Ɗan Ƙanƙara. Za ta kai shi cikin rana ya sha ta sosai, jikinsa ya saba. Daga nan zafi ba zai ƙara yi masa komai ba, Gwaggo ta saki jiki, su zauna har ƙarshen hutu. Ta ji daɗin wannan dabara tata ƙwarai, har tana mamakin yadda manya ba su yi tunaninta ba.

Bayan an ci abincin rana, Mama da Gwaggo suka kwanta a falo a ƙarƙashin fanka, hira ta yi hira har barci ya ɗauke su. Me-ya-sa ta yafito Ɗan Ƙanƙara. Ta ce masa akwai wata tsohuwar hasumiya a bayan kasuwa, in ka hau kanta har ƙarshen gari kana gani. Idonsa ya yi haske. Ya rataya kyamara, ya ɗauko hularsa da gorar ruwan da mahaifiyarsa ta ce kada ya rabu da ita.

Me-ya-sa ta ce, "Ajiye su. Ka taɓa ganina da gorar ruwa? In kana son ka zama ɗan gari, yi yadda nake yi."

Sai ya ajiye su. Suka sulale ta ƙofar baya, ba su gaya wa kowa ba.

Titi ya yi tsit. Masu shaguna sun sauke labule. Mai faci yana kwance a benci a ƙarƙashin rumfarsa, ya rufe fuska da tsumma. Wata kyanwa ta miƙe a ƙarƙashin mota, ko motsi ba ta yi. Iskar da take busowa kamar daga bakin murhu take fitowa, kwalta kuwa har kama takalmi take yi.

Ɗan Ƙanƙara ya ce, "Me ya sa ba kowa a hanya?"

Me-ya-sa ta ce, "Barci ne kawai yake damun su."

Abin mamaki, yarinyar da take tambayar dalilin komai, ran nan ba ta tsaya ta tambayi kanta ba. Ai duk mutanen da suka ɓuya a inuwar nan 'yan gari ne irinta.

A bakin kasuwa suka tarar da wata tsohuwa zaune a rumfa, tana sayar da maficai da tabarmi masu launi iri-iri. Abin ya burge Ɗan Ƙanƙara. Bai yi sallama ba, bai gaishe ta ba, sai kawai ya ɗaga kyamara ya danna.

Tsohuwar ta kare fuskarta da mafici. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ka tambaya? Ko gaisuwa babu, sai ka ɗauke ni kamar wani bango?"

Abin da ya kamata shi ne su tsaya su ba ta haƙuri. Amma kunya ta kama Me-ya-sa. Ta fizgi hannunsa suka kwasa da gudu, ba su tsaya ba sai da suka sha kwana. A can suka tsaya suna haki. Ɗan Ƙanƙara ya jiƙe sharkaf, baƙar rigar nan ta manne masa a jiki.

Ya ce kansa yana ciwo. Ya ce yana jin ƙishirwa, kuma zuciyarsa tana tashi. Me-ya-sa ta ce ya daure, ai haka sabo yake farawa. Ta nuna masa kan hasumiyar can nesa, ta ce saura kaɗan.

Suka ci gaba da tafiya a filin da ba bishiya ko ɗaya. Yaron ya daina tambaya, ya daina ɗaukar hoto. Yana jan ƙafa kawai. Can sai Me-ya-sa ta juya ta dube shi da kyau. Goshinsa ya bushe. Wuyansa ya bushe. Fuskarsa ta yi ja, amma ko ɗigon gumi babu.

Daɗi ya kama ta. Ta ce, "Ka gani ko? Gumi ya tsaya. Har ka saba."

Ɗan Ƙanƙara ya dube ta kamar bai san ta ba. Ya ce, "Mama, a rufe taga." Ya ƙara wasu maganganu da harshen ƙasarsu. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a ƙasa.

Me-ya-sa ta ɗauka wasa yake yi. Ta durƙusa ta taɓa goshinsa, ta janye hannu da sauri. Zafinsa kamar dutsen guga. Ta kira shi, bai amsa daidai ba, idanunsa suna lumshewa. Nan fa tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Mutum ɗaya ta san yana kusa, kuma ita ce wadda suka ɓata wa rai.

Ta ruga rumfar tana kuka. "Kaka, don Allah ki taimake ni. Ƙanena ya faɗi."

Tsohuwar ba ta tsaya tuna mata abin da ya wuce ba. Ta ƙwala wa telan da yake kusa da ita kira. Tela ya bi Me-ya-sa da gudu, ya sungumo yaron ya kawo shi inuwa, suka kwantar da shi a tabarma. Tsohuwar ta cire masa baƙar rigar da takalma. Ta jiƙa zane da ruwan randarta ta lulluɓa masa, ta riƙa zuba masa ruwa a kai da wuya da hammata. Ta miƙa wa Me-ya-sa mafici ta ce ta yi ta fifita, kada ta tsaya.

Me-ya-sa ta ɗauki moɗa za ta ɗura masa ruwa a baki. Tsohuwar ta riƙe hannunta, ta ce ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, zai iya ƙwarewa. Ta ce wannan ya wuce na rumfa, sai asibiti. Tela ya tare tasi. Ya tambayi Me-ya-sa ko ta san lambar wayar wani a gida. Allah ya taimake ta, ta haddace lambar Baba, tela ya kira shi ya ce ya same su a asibiti.

A asibiti aka shiga da shi wani ɗaki mai sanyi. Aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun tawul, aka kunna masa fanka, aka sa masa ƙarin ruwa. Me-ya-sa tana zaune a benci a waje, riƙe da kyamararsa, sai ga Baba da Mama da Gwaggo. Gwaggo ta sa takalmi wari da wari, ba ta ma sani ba. Ta wuce ciki wurin ɗanta.

An daɗe kafin wata ma'aikaciyar jinya ta fito. Ta ce yaron ya farfaɗo, har ya nemi ruwa. Ta ce an yi sa'a da aka sanyaya jikinsa tun a hanya, da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Sannan ta tambayi yadda aka yi.

Me-ya-sa ta ɗago kai. Ta faɗi komai, tun daga gorar da ta sa ya ajiye har zuwa murnar da ta yi da ta ga gumi ya tsaya. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Da ta gama sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Anti, me ya sa gumin ya tsaya, in ba sabo ba ne?"

Ma'aikaciyar ta zauna kusa da ita. Ta ce, "Kin taɓa lura in kika fito daga wanka iska ta buge ki, kina jin sanyi?"

Me-ya-sa ta gyaɗa kai.

"To haka gumi yake yi. Jiki ne yake jiƙa kansa don ya huce. Amma da ruwan da kika sha yake yin gumin. In ana ta gumi ba a sha ba, ruwan sai ya yi ƙasa, jiki ya gaza. Idan kika ga mutum a cikin rana ya yi zafi zau, fatarsa ta bushe, ko yana magana ba kan gado, to ba sabo ba ne. Haɗari ne babba, sai a nemi taimako nan take."

Kalmar "na gane" ta zo har bakin Me-ya-sa, amma ta haɗiye ta. Ta kasa kunne. Ma'aikaciyar ta ci gaba. Ta ce ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne gargaɗin farko, da an ji su sai a nemi inuwa a sha ruwa. Ta ce baƙo ya riƙa shan ruwa mai tsabta tun kafin ya ji ƙishirwa. Ya sa tufafi marasa nauyi, masu haske, waɗanda iska take ratsawa, ya kuma rufe kansa.

Baba ya dafa kafaɗar 'yarsa. Ya ce, "Ga sauran maganar da kika bari a bakina da safe. Jiki yana sabawa, amma fa a hankali, cikin kwanaki da yawa. Ana farawa da sanyin safiya da na yamma. Tsakar rana kuwa ko ɗan gari ba ya wasa da ita."

Me-ya-sa ta sunkuyar da kai. Da ta tsaya da safe ta ji wannan, da duk haka ba ta faru ba.

Ɗan Ƙanƙara ya kwana a asibiti, washegari aka sallame shi. A hanyar gida Baba ya tsaya a rumfar tsohuwar. Yaran suka durƙusa suka gaishe ta, suka yi mata godiya, suka ba ta haƙuri. Ɗan Ƙanƙara ya goge hoton a gabanta. Ta shafa kansa ta ce ba hoton ta ƙi ba, rashin tambayar ne ya yi mata ciwo. Ta ce duk garin da mutum ya je, ya fara da gaisuwa, kuma ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane.

Gwaggo ta yi wa tsohuwar godiya har da hawaye. Amma suna isa gida ta wuce ɗaki, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fara ninke kaya. Baba ya yi mata magana, Mama ta yi mata magana, ta ce ai ta faɗa tun farko. Ɗan Ƙanƙara yana kwance a gado, ya juya fuska bango yana share hawaye.

Me-ya-sa ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da ta yi don kada a tafi da shi, shi ne zai sa a tafi da shi. Ta yi sallama ta shiga, ta durƙusa kusa da akwatin.

Ta ce, "Gwaggo, ba laifin gari ba ne, laifina ne. Baƙin Baba suna zuwa kullum, suna komawa lafiya. In horo za a yi, ni za a yi wa. Don Allah kada ki tafi da shi saboda ni."

Gwaggo ba ta daina ninke riga ba. Ta ce, "To in na bar shi, gobe ya ce miki yana son ganin gari, yaya za ki yi?"

"Sai mun gaya muku, kuma sai da babba. Da sassafe ko da yamma. Da hula, da farar riga, da ruwa."

"In ya ce ba ya jin ƙishirwa fa?"

"Ya sha duk da haka. In ya ce kansa yana ciwo, mun gama yawo, sai inuwa."

Gwaggo ta ajiye rigar, ta dube ta sosai. Ta ce, "In kuma wata sabuwar dabara ta faɗo miki a rai?"

Me-ya-sa ta ce, "In kawo ta wurin manya, in zauna har su gama magana."

Ɗan Ƙanƙara ya juyo yana leƙen fuskar mahaifiyarsa. Gwaggo ta yi ajiyar zuciya. Ta ga yarinyar ta tsorata da gaske, kuma ta faɗi gaskiya tun ba a matsa mata ba.

Gwaggo ta ce, "To me kike jira? Zo ki taya ni fitar da kayan nan, ke kika sa na ninke su."

Me-ya-sa ta rungume ta, dariya da kuka suka haɗe mata. Ɗan Ƙanƙara ya yunƙura zai yi tsalle a kan gado, Gwaggo ta ce ya koma ya kwanta tun kafin ta sake shawara.

Suka zauna har ƙarshen hutu, yaron bai sake ko da ciwon kai ba. Ya ga gari lungu-lungu da sanyin safiya, ya koma da hotuna masu yawa, kowanne da yardar mai shi.

Yara, abin da jikinku ya saba da shi ba lallai ne jikin baƙonku ya iya ɗauka ba. Idan kun yi baƙo a lokacin zafi, ku ba shi ruwa, ku ba shi inuwa, ku bar jikinsa ya saba a hankali. Idan kuma kun yi tambaya, ku tsaya ku ji amsar har ƙarshe, domin rabin amsa ne ya kusa raba Me-ya-sa da ɗan'uwanta.